Fatawa: Cin abinci a ƙaramin shagon girkin Asiya mai tallar kaza halal

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Ingila. Kusa da masaukinmu akwai wani ɗan shagon abinci, teburansa ba su fi biyar ba, suna haɗa girke-girken Sin da Japan da Koriya da Tailan a wuri ɗaya. Sun manna takarda a gilashi cewa kazarsu halal ce, amma suna dafa naman alade, suna kuma sayar da giyar kwalba. Abincin da araha, abokaina Musulmi suna ci, ni ma na ci sau da yawa. Ya halatta in ci gaba? Mene ne a kaina game da wanda na riga na ci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka abin da ka je nema.

Shiga shagon bai haramta ba, kuma ba dukkan abin da ke cikinsa ne haram ba. Sai dai takardar nan ta gilashi magana ɗaya kawai ta yi, wato yadda aka yanka kazar. Ba ta ce komai ba a kan ruwan da aka jiƙa naman a ciki, da romon da aka zuba masa, da man da aka soya shi. A irin wannan girki nan matsalar ta fi yawa.

Addinin mai girki ba ya haramta abinci. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa ba a cin abin da Bamajuse ya yanka, amma abincinsu da ba ya buƙatar yanka ba haram ba ne. Don haka shinkafa da taliya da ƙwai da awara da ganye da kifi, ko mabiyin addinin Buda ne ya dafa su, halal ne matuƙar ba a cuɗanya su da najasa ba. Nama shi ne ake tambayar wanda ya yanka. Allah ya halatta mana yankan Ma'abota Littafi a aya ta 5 ta Suratul Ma'ida, amma aya ta 3 ta surar ta haramta mushe da abin da aka shaƙe da abin da aka buge ya mutu. Akasarin kajin kasuwar Ingila da iskar gas ake kashe su kafin wuƙa ta kai ga wuyansu, kuma wannan mushe ne ko wane ne ya yi aikin. Saboda haka duk naman da mai shago bai ce halal ba ne, na sa ko agwagwa ko rago, ka bar shi. Kazar kuwa, ka nemi ganin takardar shaidar dillalin da ke kawo musu, irin wadda ƙungiyoyin tantance halal na Ingila, HMC ko HFA, suke bayarwa, ko kwalin da ta zo a ciki. Idan ya nuna maka, ka karɓa, ba a ɗora maka bin sawun mota har mayanka ba. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari, wanda Annabi (SAW) ya ce ku ambaci sunan Allah ku ci, ya zo ne a kan naman da Musulmi sababbin shiga addini suke kawowa, bai zama hujjar cin naman da ba a san an yanka shi ba.

Giya ita ce abin da ɗalibai suka fi faɗawa ciki ba su sani ba, domin a ƙasashen nan giyar shinkafa kayan miya ce kamar yadda muke ɗaukar daddawa. Sunaye uku za ka riƙe: mirin da sake na Japan, da Shaoxing na Sin. Mirin na asali yana da barasa kusan kashi 14 cikin 100, sauran biyun suna nan kusa ko sun ɗan ɗara. Romon teriyaki mai ƙyalli da ake shafa wa kaza, asalin haɗinsa ruwan waken suya ne da mirin da sake da sukari. Masu girkin Sin kuma sukan jiƙa yankakken nama da cokali ɗaya ko biyu na Shaoxing tun da safe, su sake yayyafa kaɗan a gefen kasko lokacin suya. Ka ga kazar da aka yanka da bisimilla tana iya yini cikin giya kafin ta iso farantinka.

Za su ce maka wuta tana ƙone barasar. Wannan bai inganta ba ta fuska biyu. Ta fuskar aunawa, binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa bayan minti 15 ana tafasa abinci, kusan kashi 40 cikin 100 na barasar da aka zuba yana nan, sai an kai awa biyu da rabi yake sauka zuwa kashi 5. Suyar kaskonsu kuwa ba ta wuce 'yan mintuna. Ta fuskar fiƙihu, giya najasa ce a wajen jumhur, wato mafi yawan malamai, kuma Shaihu Khalil ya faɗa a Mukhtasar cewa abinci mai ruwa-ruwa komai yawansa yana najastuwa da najasa kaɗan, kuma naman da aka dafa da najasa ba ya tsarkaka. Ko ba za ta bugar da kai ba, giya ce aka zuba da gangan, Allah kuwa ya ce a nisance ta a aya ta 90 ta Ma'ida. Duk abincin da ka tabbata an sa masa ɗaya daga cikin ukun nan, ba ya halatta.

Kada kuma ka zarce ka haramta abin da bai haramta ba. Baƙin ruwan waken suya mai gishiri, wanda suke kira soya sos, ana tsima shi ne watanni da alkama da gishiri, kuma ɗan barasa yana fitowa a cikinsa da kansa, wajen kashi 2 cikin 100 a wasu nau'o'in. Malaman zamani sun yi saɓani a kansa. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne halal ne, domin ba a taɓa yin sa don maye ba, gishirinsa ma ba zai bari mutum ya sha abin da zai bugar da shi ba, kuma ƙa'idar hadisi ita ce abin da mai yawansa yake bugarwa shi ne kaɗansa ya haramta. Wanda ya nemi mai tambarin halal don tsantseni ya kyauta. Ruwan khal na shinkafa halal ne, Annabi (SAW) ya yabi khal a hadisin Muslim. Ruwan kifi na Tailan kifi ne da gishiri aka tsima, shi ma halal ne duk da ƙarninsa.

Naman alade ba ya tsayawa inda aka rubuta sunansa. Romon tonkotsu mai fari kamar madara da ake zuba wa taliyar ramen, ƙasusuwan alade ne aka tafasa sa'o'i masu yawa, kuma ɗan shago mai murhu biyu sau da yawa tukunyar romo ɗaya gare shi, daga ita yake ɗiba ko da kaza za a ɗora a sama. Char siu gasasshen alade ne, kuma ana yanka shi ƙanana a watsa cikin soyayyiyar shinkafa. Ƙullin fulawa mai cikin jatan lande, wasu suna haɗa shi da kitsen alade don ya yi taushi. Awarar da ake kira mapo takan zo da niƙaƙƙen nama, galibi na alade. Romon pho na Biyetnam galibi ƙashin sa ne, hukuncinsa hukuncin yankan san.

Sai man suya. Idan tukunyar mai ɗaya ce ake tsoma alade da kaza da jatan lande a ciki, man ya najastu, duk abin da ya fito daga cikinsa ba a ci. Risala ta ce man da ɓera ya mutu a cikinsa yana narke zubar da shi ake yi, to ina ga wanda kitsen alade yake narkewa a ciki tun safe. Kasko kuwa da sauƙi. Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Annabi (SAW) game da ƙwaryar Ma'abota Littafi, ya ce idan kun sami wata kada ku ci a cikinta, idan ba ku samu ba ku wanke ku ci. Bukhari da Muslim suka ruwaito, a ruwayar Abu Dawud kuma an ambaci cewa suna dafa alade a tukwanensu suna shan giya a ƙoƙunansu. Kaskon wok ƙarfe ne, ba ya tsotsar najasa kamar tukunyar ƙasa. Idan mai girki ya tara masa ruwa ya goge da burushi har maiƙon ya fita, ya tsarkaka. Abin lura shi ne lokacin cunkoso, da rana tsaka ko da daddare, inda ake sauke wannan a ɗora wancan ba wanki, ludayi ɗaya yana yawo tsakanin kasake. Alherin irin waɗannan shaguna shi ne murhun yana gabanka, idonka zai gaya maka.

Abincin teku a mazhabar Malik duka halal ne, kifi da jatan lande da ƙaguwa da kawa, saboda aya ta 96 ta Ma'ida da hadisin Muwaɗɗa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Idan abokinka ɗan Pakistan ya ƙi cin ƙaguwa, mazhabar Abu Hanifa yake bi, wadda ta taƙaita a kan kifi, kada ku yi jayayya. Amma ka ga kifin ma sai ya tsira daga mirin da man da aka soya alade a ciki.

Idan za ka yi tambaya, kada ka ce "wannan halal ne?", domin mai shago zai ɗauka kazar kake nufi ya ce e da zuciya ɗaya. Ka tambaye shi abu da sunansa: akwai mirin ko sake ko Shaoxing a romon ko a jiƙon naman? Da ƙashin me aka yi romon? Ana soya alade a man nan? Ka je lokacin da babu layi, ka yi magana da mai girkin kansa cikin ladabi. Kada ka dogara da takardar da doka ta wajabta musu ta abubuwa 14 masu tayar wa wasu ciwo, irin su gyaɗa da riɗi da madara, domin alade da giya ba sa cikin lissafin. Wanda ya fi saurin tsira a jerin abincin irin wannan shago shi ne farar shinkafa, da miyar madarar kwakwa ta Tailan da kifi ko awara, da taliyar pad thai da jatan lande, wadda tsamiya da ruwan kifi da sukari ne ginshiƙinta, in an wanke kaskon. Idan ya amsa maka dalla-dalla kuma ba ka ga alamar ƙarya ba, ka ci. Idan ya ce bai sani ba, ko romon a jarka yake zuwa ba rubutu, ka bar wannan abincin, domin a wurin da haram ya yawaita shakka tana da tushe, kuma ba ka cikin lalura tunda akwai wani abincin a garin.

Giyar da suke sayar wa wasu ba ta haramta abincinka, amma kada ka zauna a teburin da ake shan ta, akwai hani a kan haka a hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito. A shago mai tebur biyar, inda baƙi suke haɗa benci, ya fi maka ka sa a ƙulle maka ka tafi da shi masauki.

Abin da ka ci a baya kana zaton halal ne, babu zunubi a kanka kuma babu kaffara, Allah ya ce a aya ta 5 ta Suratul Ahzab babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure. Idan akwai ranar da zuciyarka ta yi shakka ka danne ta ka ci, ka yi istigfari. Ka sanar da abokanka cikin taushi, domin mai yiwuwa su ma takardar gilashin kawai suka gani.

Wallahu a'alam.