Sayen Wamar Abinci da Gyaranta a Legas: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan mako sun taru a kan wama, babbar kabad ɗin nan mai aiki da lantarki da gidajen abinci da masu girkin biki ke jera tire a cikinta don kada abinci ya huce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman wama mai cin tire goma. Na ga tokumbo, wato 'yar hannu, 'yar Amurka a kasuwar Alaba, jikinta garau, na ga sabuwa 'yar Chana, ga kuma mai walda da ya ce zai haɗa mini a rabin kuɗin. Wacce zan ɗauka? Daga mai gidan abinci a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka taya tokumbon nan, zaga bayanta ka nemi ɗan allon ƙarfen da kamfani ya manna, ka karanta irin wutar da take ci. Tamu bolt 230 ce, haz 50. Da yawa daga cikin wamomin Amurka bolt 120 ne, haz 60, wasu kuma 208 ko 240. Mai 120 in aka jona ta kai tsaye, zafin da elemen, wato sandar da ke fitar da zafi, zai fitar ya kusa ninka huɗu, kafin ka ankara elemen da fanka da allon sarrafawa duk sun ƙone. Kada fulogi ya ruɗe ka, domin akan yanke na asali a ɗaura mata irin namu mai baki uku. Mai 208 za ta tashi, amma elemen ɗinta zai riƙa aiki da ƙarin kashi 22 cikin ɗari bisa abin da aka ƙera shi, ba zai yi ƙarko ba. Mai 240 ba ta da wannan matsala, sai dai fankar da aka yi wa haz 60 takan rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida a wutarmu.

In mai 120 ɗin ce ta kwanta maka, hanya biyu ce. Ko ka haɗa ta da taransifoma, mai cin wat 1,500 a ba ta mai ɗaukar 3,000 don kada ta yi ta zafi, ko a mayar da ita 230 gaba ɗaya, wato a canza elemen da fanka da ƙwan fitila da duk abin da ke sarrafa su. Lissafa wannan a kan kuɗin saye kafin ka ce ka yi tsintuwa. A kula kuma, yawancin wamomin kamfanin Alto-Shaam na Amurka ba sandar elemen gare su ba, wata waya ce mai zafi aka naɗe cikin bangonsu. Aikinsu na da kyau ƙwarai, amma ranar da wayar ta tsinke sai an kwance jiki duka, kuma ba kowane shago ake samunta ba.

Mai walda kuwa, tambaye shi ƙarfen da zai sa. Ƙarfe mai jure tsatsa lamba-lamba ne, lamba 304 ake so a ciki. Maganaɗisu yana kama 430, amma ba ya kama 201, ita kuma 201 ba ta jure iskar Legas mai gishiri, don haka gwajin maganaɗisu kaɗai bai wadatar ba. Ka tsaya a kansa ya cusa audugar gilashi tsakanin bango biyu, kaurinta kada ya gaza inci ɗaya, ya sa katawut mai yanke wuta in zafi ya wuce iyaka, ya ɗaure wayar at, mai kai yoyon wuta ƙasa, a jikin ƙarfen. In ya ce waɗannan ba dole ba ne, ka san daga inda arahar ta fito.

A ganinmu, wanda ba shi da tsayayyen mai gyara ya ɗauki mai bolt 230 mai tamostat, wato madaidaicin zafi, na murɗawa, sabuwa ce ko tokumbo. Allon kwamfuta ba ya shiri da wutar da ke hawa da sauka, shi kuwa na murɗawa ana samunsa a Alaba. Kowacce ka zaɓa, a kunna ta a gabanka babu komai ciki, ƙofa a rufe, ka ga ta kai digiri 80 na Salshiyas cikin minti 30 zuwa 45.

Tambaya: Wamata ta daina zafi kamar da. Mai gyara ya ce elemen ne, na saya an sa, ba ta canza zani ba. Yanzu ya ce tamostat. In saya? Daga mai girkin biki a Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, dakata tukuna. Elemen ba kasafai yake raunana ba, ko yana aiki ko ya tsinke, kuma mitar awon om ta mai gyara ce ke raba gardama. A zare fulogi, a cire wayoyin bakinsa, a auna. Lafiyayyen elemen na wat 1,500 zai nuna om 35 ko kusa da haka, na wat 1,000 om 53, na 2,000 kuma om 26. In wamar mai elemen biyu ce a auna kowane daban, don ɗaya kan mutu ya bar ɗaya, zafi ya koma rabi. Mai gyaran da bai ɗora mita ba kafin ya aike ki kasuwa, canka yake yi da kuɗinki.

Abin da ya kamata a fara aunawa ma wutar soket ce, wamar tana kunne. In ta sauka zuwa bolt 180, zafin da za ki samu kashi 61 ne kacal cikin ɗari, ko da komai na wamar sabo ne. Doguwar wayar jone siririya ita ma tana cinye wuta a hanya, taɓa ta ki ji, in ta yi ɗumi ita ce ɓarauniyar. A ja wa wama layinta da waya mai kaurin 2.5 mm². In janareta ne, ƙaramin Tiger ba zai ɗaga ta ba, mai 2.5 kVA kuma abin da yake bayarwa bai wuce wat 2,000 ba, da firiza ta tashi wuta ta faɗi.

Daga nan sai ƙofa. Sa takardar naira a bakin ƙofar ki rufe, ki ja. In ta zare salin alin, robar ta saki ko hinji ya sunkuya. Gwada sama da ƙasa da gefe biyu. Wannan ɗan gibin ba zafi kaɗai yake zubarwa ba, har da kuɗi: da aka kai wutar rukunin A, na masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, ko bayan ɗan ragin da aka yi, wamar wat 1,500 da elemen ɗinta bai huta ba na awa goma ta ci yunit 15, fiye da naira 3,000 ke nan a yini a farashin 2024.

Sai fanka, a ga ko maiƙo ya daskare a fukafukanta. Sai bakin wayoyi: wanda ya yi baƙi ko robarsa ta narke ya saki ne, a yanke a sa sabon kai da waya mai jure zafi da mahaɗi na tangaran, ba salatif ba. In duk waɗannan lafiya, sannan a zo kan tamostat. Yana da siririn bututu mai ɗan kai kamar fensir a cikin wamar. In kan ya zame daga maƙalinsa ya jingina kusa da elemen, zai riƙa yanke wuta tun ciki bai yi zafi ba, mayar da shi wurinsa kawai ake yi. In canji ya zama dole, a sayi mai digiri 30 zuwa 110. Na oban mai kaiwa 300 zai shiga ramin, amma ɗan murɗi kaɗan sai zafi ya yi tsalle. Bututun nan kuma ba a lanƙwasa shi da ƙarfi, ba a yanke shi.

Tambaya: Tun shigowar damina wamarmu ke jan yara in sun taɓa ƙofa, wani lokaci kuma ta mutu sai an danna wani jan maɓalli a baya. An ce a cire maɓallin a haɗa wayar kai tsaye. Daga mai shago a Mile 12.

Amsa: Malam, don Allah a zare ta daga wuta yau, kada a bari sai gobe. Cuta biyu ce. Jan da take yi yoyon wuta ne zuwa jikin ƙarfe. A cikin sandar elemen akwai farin gari da ke raba wayar da bututun, garin nan yana shan danshi, musamman in bakin sandar ya tsage ko wamar ta daɗe a ajiye. A gwada da mega, na'urar awon yoyon wuta, a bolt 500, tsakanin bakin elemen da jikinsa kada ya gaza megom ɗaya, wato om miliyan ɗaya. In danshi ne kawai, a ciro shi a busar a oban na 'yan awoyi a sake gwadawa, in bai dawo ba a canza. Da wayar at tana aiki yaran ba za su ji komai ba, don haka a binciki soket ɗin, a kuma sa bireka mai gano yoyo ta miliam 30.

Jan maɓallin shi ne katawut, ba ya faɗuwa sai zafi ya wuce iyaka. Ko fanka ta tsaya, ko tamostat ya manne ya ƙi yankewa. A nemo wanne ne. Cire shi a kabad mai maiƙo da ake bari kunne babu kowa kusa, gobara ake gayyata.

Tambaya: Nakan sa shinkafar da ta kwana a firij cikin wama da safe, zuwa azahar ta fara yauƙi. Soyayyar kaza kuma laushi take yi. Daga wata 'yar'uwa a Obalende.

Amsa: 'Yar'uwa, wama ba ta ɗumame, riƙe zafin da aka kawo mata take yi. Abinci mai sanyi zai daɗe cikinta da ɗumi-ɗumi, daidai yadda ƙwayoyin cuta ke so. Shinkafa na da wata ƙwaya, Bacillus cereus, da ke tsallake dahuwa, kuma dafin da take saki ba ya mutuwa da sake ɗumamawa. Ɗumama a kan wuta har tsakiya ya kai digiri 75, sannan ki zuba a wamar da ta riga ta yi zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe dafaffen abinci sama da digiri 60, a Ingila ƙa'idar 63 ce. Lambar da ke jikin ƙofa zafin iska take nunawa, don haka sayi ma'auni mai tsinke ki riƙa caka shi tsakiyar tire duk awa biyu. Gwada ma'aunin ba wuya, tunda Legas a bakin teku take: tafasasshen ruwa 100, ruwan ƙanƙara sifili. In an ɗauke wuta abinci ya yi awa huɗu ƙasa da 60, haƙuri za a yi a zubar.

Kaza kuwa tururi ne ya kama ta. Shinkafa da miya a rufe su, a zuba ruwa a tiren ƙasa. Soye-soye a bar su buɗe a kan raga, a buɗe 'yar tagar iska. In da hali kada su haɗa ɗaki ɗaya.

Tambaya: Da me za a wanke ta, kuma yaushe za a kira mai gyara? Daga ma'aikacin kicin a Apapa.

Amsa: Kullum a zare fulogi, ta huce, a goge da ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi, har cikin lungun robar ƙofa. Ban da tiyo, ban da bilic don yana huda ƙarfen, ban da soson ƙarfe don ɓurɓushinsa ke zama tsatsa. Tiren ruwa a zubar kowane dare, sati-sati a jiƙa shi da farar binega rabi ruwa rabi, farin dattin ruwan bohol zai saki. Duk wata uku mai gyara ya buɗe murfin sama ya ɗaure bakin wayoyi, ya wanke fanka, ya share kyankyasai, ya matse hinji. A ajiye tamostat ɗaya da katawut ɗaya a shago, ranar sayen roba ko elemen kuma a tafi kasuwa da tsohon a hannu tare da hoton allon bayan wamar.