Idan Ka Hango Feshi a Gaban Jirgi

Ka tambaye ni, yaro, abin da za ka yi idan ka hango kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, a lokacin gadinka a jirgin ruwa, da kuma ko za ka iya matsawa kusa ka ɗauki hoto. Da ba don tambayar ta fama mini wani tsohon miki ba, da na bar teku ta koya maka da kanta. Maganar ɗaurin igiya da rage zanen jirgi idan iska ta tsananta ba zan ɓata bakina a kanta ba, domin wanda bai iya wannan ba bai isa ya bar gaɓa ba.

Wani attajiri ya taɓa ba ni aikin kai masa jirginsa mai tafiya da iska, mai tsawon mita 12, daga Las Palmas ta tsibiran Kanari zuwa Mindelo ta ƙasar Kabo Berde, tafiyar kusan mil 850 na teku wadda iskar arewa maso gabas kan kai mutum cikin mako guda. Ya tilasta mini ɗaukar ɗan ƙanensa, saurayi irin na yanzu wanda waya ba ta barin hannunsa. Kwanakin farko sun yi daɗi. Da dare dolfin suna tsere a goshin jirgi, ruwa yana walƙiya a jikinsu kamar an watsa garwashi, da asuba kuma mu tsinci kifaye masu tashi a kan dandamali mu soya su mu karya kumallo.

Da safiyar kwana na uku na sauka in runtsa bayan gadin dare, na ce masa ya tashe ni idan ya ga wani abu, ko da itace ne yana yawo a ruwa. Ya ga feshin ruwa irin wanda kifin wel ke yi idan yana numfashi, bai tashe ni ba, ya karkata jirgi ya nufe shi yana ɗaukar bidiyo. Da ya kira ni, kallo ɗaya zai ishe ni, domin feshin da ya karkata gaba ta ɓangaren hagu na nau'in kifin wel da mutanen Kanari ke kira kachalote ne, tunda kafar numfashinsa tana gefen hagu na kansa. Wannan dabba takan yi nutso na kusan awa guda, sannan ta taso ta kwanta a saman ruwa tana mayar da numfashi, kuma a wannan hali ba ta cika kauce wa jirgin da ba ya ƙarar inji ba. Tamu uwa ce da ɗanta. Ƙarar da ta tashe ni har yau tana kunnena: ta kaɗa wutsiya ta bugi allon da ke juya jirgi a ƙarƙashin ruwa, sandarsa ta lanƙwashe, sitiyari ya ƙi motsi.

Kwana takwas muka ƙara a teku, ina sarrafa jirgin da zannuwa da igiyar da na ja a baya, tafin hannuwana duk sun tsage. Na kai jirgi Mindelo ba a rasa rai ba, wanda ba kowane matuƙi ne zai iya ba. Sakayyata ita ce mai jirgi ya ce sakacina ne, ya riƙe ladana gaba ɗaya da sunan kuɗin gyara, ɗan ƙanen nasa kuma ya yi shiru alhali bidiyon yana cikin wayarsa. Kuɗin jirgin sama na komawa gida ma rance na ci.

Saboda haka idan ka ga feshi, ka kira ni da ƙarfi ko da yanzu na kwanta, ka karkata ka ba shi fili mai yawa, kada ka gitta ta gabansa, kuma kada ka kuskura ka shiga tsakanin uwa da ɗa. Wayarka kuwa a ƙasa za ta zauna cikin jaka har ka sauka daga gadi.