Kai yaro, 1200 ɗin jikin kwali ba shi ne gudun waifai ba

Naga saƙonka, wai meye bambancin n da ac da ax da ake rubutawa a kwalin rawutar waifai, kuma mutumin nan na unguwar Aziziyya a nan Makka mai gidan haya wanne za kace ya saya. Abu ne da kake gani a hannuna kullum, da kuna kallon aiki kamar yadda kuke kallon waya ai ba sai an rubuta muku ba. Abinda yasa na zauna amsa maka shine naga kace za ka gaya masa na'urar tana gudun 1200. Kul, kada ka kuskura. Wannan lambar ita aka riƙe aka cinye min riyal 9,000 a garin nan, kuma wallahi har yau ban yafe ba.

Haruffan nan duk gida ɗaya ne, 802.11, hukumar injiniyoyi ta IEEE ke fitar dasu. Na farko a 1997 mega 2 kacal yake yi. A 1999 aka fito da biyu, b mai mega 11 akan zangon rediyo na 2.4 GHz da a mai mega 54 akan zangon 5 GHz, ba sa jin maganar juna, b ne ya ci kasuwa saboda arha da nisan zango. Sai g a 2003, sai n a 2009 mai aiki da eriya fiye da ɗaya, sai ac wajen 2013 wanda akan 5 kaɗai yake, sai ax da kuke kira Wi-Fi 6. Akwai waɗanda suka yi takara da waifai suka faɗi, HomeRF da kuma HiperLAN na Turai, ko WiMAX da aka yi ta sayarwa a nan Saudiyya 4G ya zo ya kore shi. Wannan ya isheka, ba jarrabawa za ka rubuta ba.

Abinda zai ciyar da kai shine sanin 2.4 da 5. Na 2.4 yana ratsa bango yana nisa, amma tashoshi uku ne kawai basa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma Bluetooth na nan ciki, na'urar ɗumama abinci na nan ciki, rawutar maƙwabci ta sama da ta ƙasa duk suna ciki, kamar ƙofar Harami ne bayan an sallame Juma'a. Na 5 fili gare shi da gudu, amma ginin Makka siminti ne da rodi, bango biyu ya isa ya karya masa ƙarfi. Toh kwalin da aka rubuta AC1200, mega 300 na 2.4 ne aka haɗa da 867 na 5 aka cike lissafi ya zama 1200. Waya kuma guda ɗaya take kamawa a lokaci guda, babu wayar da za ta sha duka biyun a wannan na'urar, ko 867 ɗin ma sai mai eriya biyu kuma tana kusa, abinda zai iso hannunka kuma bai kai lambar da aka rubuta ba.

Mutumin da ya cuce ni, wani dattijo ɗan garinmu ne ya kai ni wurinsa, shi yasa magana ta tsaya a baki ba takarda. Imara ce hawa 6 yana saukar alhazai, saura kaɗan Hajji, yace yana so kowane ɗaki waifai ya kama don masu kawo masa alhazan sun sa masa sharaɗi. Na zaga ginin hawa hawa ina auna sigina, nace masa rawuta ɗaya a ƙasa ba za ta yi ba, rifita mai ƙara wa sigina nisa ma ba zan sa ba don rifita mai rediyo ɗaya raba gudun take yi biyu, ita ke karɓa ita ke mayarwa. Nace akses, wato na'urar da ke watsa waifai, guda 4 a kowane hawa, kowacce da kebul ɗinta har siwic, akwatin da ke haɗa su, wuta ta bi cikin kebul ɗin. Ya amince, ya bada rabi yace sauran bayan Hajji in kuɗin haya sun shigo. Kayan nan daga Jidda na ɗauko su, wasu bashi na karɓa a shagon da suka yarda da ni, kebul na jan ƙarfe zalla na saya ba wannan na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe ba da yaran yanzu ke sawa su gudu. Cikin silin muke kwana ni da yarona na lokacin, zafin Makka ka san shi, gumi har cikin ido, ina jan kebul ina lissafin kada ɗaya ya wuce mita 100. Na rarraba tashoshi, na rage ƙarfin kowace akses don kada su riƙa danne juna, na bar 2.4 a buɗe saboda na san wayoyin da alhazanmu ke zuwa dasu, tsoho ya taho daga ƙauye da ƙaramar waya wadda bata san 5 ba kuma shi ma yana so ya kira gida ya ga jikoki.

Aka yi Hajji aka gama, gidan cike, babu wanda ya kira ni yace waifai ya ɗauke. Da naje karɓar cikon kuɗina sai ya sa aka ɗauko kwali ɗaya da ya ajiye, kaga tun farko da niyyarsa, ya nuna min 1200 da yatsa, ya kira ɗansa ya gwada gudu a wata tsohuwar waya daga cikin ɗaki ƙofa a rufe, ta nuna mega talatin da wani abu. Yace ina sauran, wai na sayar masa da jabun kaya. Nace ya shaihi layin da ka ɗauko daga kamfani gaba ɗaya mega 100 ne, ko na'urar zinare na sa maka ba za ta haifi abinda bai shigo gidan ba. Na zana masa a takarda, na kawo wayata na gwada a gaban akses ya ga ta kusa cinye layin duka. Ya gane sarai, ɗan kasuwa ne, dalili kawai yake nema. Na koma wurin dattijon yace in yi haƙuri garin Allah ne, a bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma bashin shagon Jidda ni na biya shi da kuɗin makarantar yarana. Hajjin da ya zagayo na bi ta layin, wayata ta kama sunan da na sa wa waifan da hannuna, kayan suna nan a silin suna masa aiki yana karɓar kuɗin alhazai.

Shi yasa in naji yaro yana karanta wa kwastoma kwali nake jin kamar in ƙwace sukundireban hannunsa. Ku yaran yanzu kun iya sunaye, Wi-Fi 6 Wi-Fi 7, kun kalli bidiyo kun haddace, amma a ce ku hau tsani ku duba bangon nan bulo ne ko kankare sai ku ce zafi. Yadda ake matse kan kebul da shiga saitin rawuta ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da caja.

Mutumin Aziziyya kuwa, in aljihunsa zai ɗauka ax za ka ce masa, ba don gudu ba, don an gina shi ne saboda cunkoso, yana iya raba tasha ɗaya ga wayoyi da yawa a lokaci guda, kuma tsofaffin wayoyi ma suna kama shi. Kada ya ruɗe ka da Wi-Fi 6E mai aiki a zangon 6 GHz, gaskiya ne Saudiyya ta buɗe zangon 6 gaba ɗaya tun 2021, amma wayoyin masu haya nawa ne suka san shi, kuma wajen ratsa bango ya fi 5 rauni. Tsaro WPA2 ko WPA3, in ka ga WEP a tsohuwar rawuta cire ta ka jefar, tun 2001 aka fasa shi. Kafin ka faɗi farashi ka tambaye shi layinsa mega nawa ne, ɗaki nawa, mutum nawa ke kwana a ɗaki lokacin Ramadan da Hajji, ka rubuta a takarda abinda waya za ta samu a cikin ɗaki ya sa hannu, kuɗin kaya kuma duka a gaba. Kada ka bashi amsa yau, ka jira ni bayan la'asar muje in ga bangon da idona, ka taho da tsani da mita.