Motar da ta sha zama, ga ta za ta hau dutse cikin ƙanƙara

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa na hana ka miƙa wa mai motar nan makullinsa, alhali ka juye baƙin mai, ka sa sabuwar filta, injin ya tashi bugu ɗaya, takardar TÜV ta gwajin lafiyar mota da sauran wa'adi, kilomitar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Ka yi daidai da ka tambaya. Zauna ka ji.

Ƙarancin kilomitar nan shi ya ruɗe ka. Mota mai ɗakin kwana irin wannan, zama ne ke cinye ta. Masu ita sun dawo daga hutu a watan Satumba, suka ajiye ta a gindin bishiya, ba wanda ya sake murɗa makulli. Yanzu suna so su kwashi yara daga nan Hambug su nufi duwatsun Tirol a Ostiriya hutun Kirsimeti, kuma a cikinta za su kwana, a wurin da sanyin dare ke gangarawa ƙasa da sifiri sosai. Mu a nan abu biyu aka ba mu amana, mota da gida, kai kuma motar kaɗai ka duba, ita ma rabi.

Fara da man da ke tanki. Tun Satumba aka zuba shi, wato dizal ɗin lokacin zafi ne, wanda ba a yi shi don ya jure abin da ya wuce sifiri ba. Da sanyi ya kama shi sai kakin da ke ciki ya daskare ya toshe filta, mota ta mutu a kan hanya, direba yana ta ba da wuta a banza. Gidajen mai a Jamus sai daga 16 ga Nuwamba suke sayar da na hunturu, mai jure digiri 20 ƙasa da sifiri. Ka faɗa wa mai mota ya ƙona tsohon ya cika da sabo kafin ya fara hawa. Ruwan lagireto kuma ka zuƙo shi da ma'auni, kada ka ce launinsa ya yi kyau. Ɗabi'ar da muka taso da ita a garejin gida ta ƙara ruwan famfo zalla, ka bar ta can. A nan ruwan zai daskare ya tsaga injin. In ma'aunin bai nuna zai jure digiri 25 ƙasa da sifiri ba, a juye.

To, tayoyi. Na ga ka shafa su da hannu ka ce zanensu cike yake. Durƙusa ka duba gefen tayar, bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu. Ta wannan motar 2317 ce: mako na 23, shekarar 2017. Ƙirga da kanka shekara nawa ke nan. Kawo fitila ka haska tsakanin zanen da kuma gefen da rana ke duka, za ka ga ƙananan tsaga kamar gashi. Roba ta bushe, kuma busasshiyar roba ba ta kama ƙanƙara ko da zanenta bai taɓu ba. Ni a wurina taya ta wuce shekara shida a ƙarƙashin nauyi irin wannan, sai an yi mata kallon tsaf, ta kai takwas kuwa ba na barinta ta fita daga garejina zuwa dutse. Ga doka ma: tun 1 ga Oktoba 2024, tambarin M+S na jikin taya, mai nufin laka da dusar ƙanƙara, shi kaɗai ba ya wadatarwa a Jamus idan hanya ta yi ƙanƙara, sai taya mai hoton dutse mai kai uku da dusar ƙanƙara a ciki. Doka a nan ta yarda da zane mai zurfin milimita 1.6, amma Ostiriya tana neman milimita 4, daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu idan hanya ta ɓaci. Sarƙar taya kuma a ƙafafun gaba ake ɗaura ta, don motar nan, Fiat Ducato, da gaba take ja, nauyin ɗaki kuwa yana baya, shi ya sa take santsi a hawa. Ka sa mai mota ya gwada ɗaura sarƙar nan a gabanka, a busasshiyar ƙasa, yatsunsa na da ɗumi.

Daga nan ka kai ta sikeli. Iyakarta kilo 3,500, nan kuma lasisin tuƙin yawancin mutane ya tsaya. Tankin ruwa mai lita 100 kilo 100 ne, tukunyar gas biyu a cike kusan kilo 50, ga mutane, ga kayan wasan ƙanƙara, ga abinci. Nauyin da ya wuce ƙima birki ne ke biyan bashinsa a gangara. Shi ya sa za ka ɗaga ta ka juya kowace ƙafa da hannu ka ji ko tsatsa ta riƙe, ka ja hambirki ka sake ka ga ya koma. Man birki yana shan danshin iska ko mota na tafiya ko tana tsaye, duk shekara biyu ake canza shi. Bel ɗin taimin shi ma da shekaru ake auna shi tare da kilomita, duba littafinta. Kana buɗe bonet ka leƙa bayan injin ka taɓa wayoyi da tiyo ɗaya bayan ɗaya, domin dabbar nan da Jamusawa ke kira Marder tana son kwana a motar da aka ajiye, tana tauna roba. Fitilu da waifa da ruwan wanke gilashi na hunturu, waɗannan ka san su.

Batir biyu gare ta, na tada injin da na ɗaki. Cikakken batir da ya huta yana nuna volt 12.6 ko 12.7 a mita, in ka ga 12.2 rabi ya tafi, sanyi kuma zai ƙara rage masa ƙarfi. Na ɗakin shi ke juya fankar hita dare guda. Ya mutu, hita ta mutu ko da gas na cike. Idan na litiyam ne, ka tuna ba a cajinsa ƙasa da sifiri sai in yana da abin ɗumama kansa.

Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, wannan ya isa ya fasa famfo da tiyo da tukunyar ruwan zafi. Cika tanki, kunna famfo, rufe dukkan kawuna, ka yi shiru ka saurara. In famfon yana tashi da kansa jefi-jefi, akwai yoyo, bi shi da hannu ƙarƙashin kujeru har ka taɓa jiƙa. Kusa da hitar ɗakin, ƙirar kamfanin Truma, za ka ga wani ƙaramin bawul, shi da kansa yake buɗewa ya zubar da ruwa idan sanyi ya kai wajen digiri 3, kuma ba ya yarda ya rufu sai wurin ya ɗumama zuwa wajen digiri 7. Masu mota da yawa suna zaton lalacewa ya yi, su ɗaure shi da waya. Ka nuna wa wannan ya fara kunna hita tukuna, sannan ya cika ruwa. Tankin ruwan datti yana rataye a ƙasa a fili, gara ya bar bakinsa a buɗe ya tara da bokiti.

Yanzu gas, kuma nan nake so ka buɗe kunne, don nan rai yake. Tukunyar ta zama ta gas ɗin furofen, ba ta butan ba. Butan yana daina zama iska a wajen sifiri, sai ka ji tukunya da nauyi amma wuta ba ta kamawa, furofen kuwa yana aiki har digiri 42 ƙasa da sifiri. Tukunya mai kilo 11 kwana biyu zuwa uku take yi a tsananin sanyi, don haka biyu a cike. Regileta da tiyo suna da shekara a jikinsu, sun kai goma a canza. Gwajin gas na G 607 duk shekara biyu ne, mai takardar shaida ke yinsa, kai ba ka kai nan ba tukuna, ka tsaya kusa ka kalla. Abin da ke hannunka shi ne bututun hayaƙin hita da ramukan shan iska. Mutane na jin sanyi sai su toshe ramukan da tsumma, dusar ƙanƙara kuma ta rufe bututun daga waje. Ka san yadda ake wayar gari a gida a ji iyali sun kwanta da gawayi ko janareto a ɗaki rufe ba su tashi ba. Iskar nan ce dai, ba ta da wari ba ta da launi. Motar da yara za su kwana a ciki ba ta barin nan sai da na'urar da ke ihu idan ta ji iskar, ka danna maɓallinta na ji ƙararta da kunnena.

Yau da yamma ka fitar da ita waje, kada ka jona ta da wutar gareji. Kunna hita a kan gas, sa ta a digiri 18, rubuta abin da batirin ɗaki ke nunawa, ka kulle. Gobe da sassafe ka sake aunawa, ka duba ƙarƙashinta ko ruwa ya zuba, ka shafa kusurwoyin rufi da gefen tagar sama ko akwai danshi, sannan ka tada injin yana da sanyinsa ka lura da fitilar hita-fulog da launin hayaƙi. Maganar tayoyi huɗu ni zan kira mai motar in gaya masa, don kuɗin da yawa kuma zai so ya ja. Kai je ka ɗauko mita da jak.