Wa Ya Isa Ya Yi Magana Da Yawunmu?

TAMBAYA: Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ɗan ikkilisiyar ECWA ne. Duk sa'ad da zaɓe ya ƙarato sai mu ga wasu manyan fastoci a talabijin suna cewa Kirista sun tsai da wane. Ni dai ba wanda ya ji ta bakina. Wa ya cancanci ya wakilce mu, mu masu bin bishara? CAN ce, wato Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, ko shugabannin ikkilisiya, ko 'yan siyasarmu?
Daga wani matashi a Kafanchan

AMSA: Ɗana, na amsa gaisuwa. A ganina, wanda ya isa ya ari bakinka shi ne wanda kake da hanyar tuhumarsa, ka kuma sauke shi in ya kauce. Fasto mai jirgi da gidan talabijin, wanda ba majalisar da ke bisansa, ra'ayin kansa yake faɗi, ko da mabiyansa sun cika filin ƙwallo.

An kafa CAN a 1976, rukuni biyar ne a cikinta, mu 'yan ECWA da TEKAN (Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya) rukuni ɗaya ne kawai. Saboda haka aikinta shi ne abin da ya haɗa mu duka: tsaro, filin gina majami'a, koyar da darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Ranar da ta shiga zaɓar mana ɗan takara, ta ɗauko kayan da ya fi ƙarfin wuyanta. Mun gani a zamanin Fasto Ayo Oritsejafor, wanda ya shugabance ta daga 2010 zuwa 2016. An yi ta ƙorafin ya manne wa gwamnatin Jonathan, har Katolika suka janye jiki na wani lokaci. A 2014 kuma hukumomin Afirka ta Kudu suka kama dala miliyan 9.3 a wani jirgi mai alaƙa da shi. Ya ce haya aka ba da jirgin, ba ruwansa, amma bakin CAN ya riga ya yi nauyi.

Rigar limanci ma ba ta wanke ɗan siyasa. Rabaran Jolly Nyame ya mulki Taraba, a 2018 kotu ta ɗaure shi kan dukiyar jama'a, sai a 2022 aka yi masa afuwa. Gara mini ɗan majalisa da ke zaune a bencin baya ran Lahadi, wanda ƙuri'a za ta iya kora.

In kana neman wanda ya tsaya mana da gaske, tuna da Rabaran Lawan Andimi na ikkilisiyar EYN, shugaban CAN na Michika, wanda Boko Haram suka kashe a Janairun 2020. Cikin mutanensa yake zaune, abin da ya ci su shi ya ci shi.

Shugaban ECWA kuwa babbar majalisar ikkilisiya ce ke zaɓarsa, yana da wa'adi. Shi zai faɗi matsayinmu kan koyarwa da adalci, ƙuri'arka dai taka ce. In wani ya sake cewa Kirista sun yanke shawara, je wurin dattawan ikkilisiyarku ka tambaya a wane zama aka yanke ta, su wa kuma suka halarta daga DCC ɗinku, wato majalisar ikkilisiyoyin gundumarku.