Shin Sayen Daji Domin Katako Jari Ne Mai Riba?

Tambaya: Malam, an yi mini tayin wani daji mai kimanin eka 80 wanda itatuwa masu tauri suka cika, kuma mai sayarwa ya ce kuɗin katakon da ke ciki kaɗai zai mayar mini da abin da zan biya. Shin in saya, kuma me ya kamata in duba kafin in ba da kuɗi?

Amsa: Malam, kada ka ba da ko sisi sai ka ɗauki masanin gandun daji naka na kanka, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa ko da masu yankan katako, ya shiga dajin ya ƙididdige itatuwan. Zai zaɓi wurare daban-daban ya auna kaurin kowace bishiya a daidai ƙirjin mutum, wato ƙafa huɗu da rabi daga ƙasa, ya duba tsawon gangar jikinta da irinta da lafiyarta, sannan ya fitar maka da kiyasin katakon da ke tsaye. Da wannan takarda za ka yi ciniki, domin yawan eka ba ya nuna darajar daji.

Dalilin da ya sa na nace a kan haka shi ne, a harkar ice mai tauri inganci ne ke kawo kuɗi. Gungume miƙaƙƙe mai kauri wanda ba shi da kulli ko ruɓa, irin wanda ake ferewa sirara-sirara a lulluɓe kayan ɗaki da shi, yana iya ninka farashin gungumen da za a tsaga a yi katako na gama-gari sau da yawa, shi kuma karkatacce ko siriri sai dai a sayar da shi ga masu yin takarda ko makamashi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mafi yawan darajar bishiya tana cikin gungumen farko na gindinta. Iri ma yana da tasiri, domin a gabashin Amurka, alal misali, itatuwan da ake kira baƙar walnot da farar ok sun fi yawancin sauran itatuwa tsada.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ne ramin da sababbin masu saye suke yawan faɗawa, shi ne dajin da aka riga aka tsince. Mai shi yakan sare manyan itatuwa masu kyau ya bar gurgu da mara lafiya, bayan 'yan shekaru ganye ya rufe wurin, mai wucewa ya ga daji kore shar ya ɗauka dukiya ce. Irin wannan daji yana iya ɗaukar shekaru da dama kafin ya farfaɗo, tunda bishiya kamar ok takan kai shekara 60 zuwa 80 ko fiye kafin ta isa sara, kuma ragowar marasa kyau su ne za su ba da irin da zai tsiro nan gaba. Ka zagaya da ƙafarka ka nemi tsofaffin kututture da sawun hanyar jan gungume, ka kuma tambayi shekarar da aka yi sara na ƙarshe.

Sai batun takardu da hanya. Ka sa lauya ya tabbatar cewa haƙƙin sare itatuwan yana cikin abin da kake saya, domin a wasu wurare ana sayar da shi daban da ƙasar. Ka tabbatar da iyakoki, da kuma halattacciyar hanyar da babbar mota za ta bi, saboda katakon da ba za a iya fitar da shi ba masu saye za su yi masa tayin wulaƙanci.

Akwai haɗarin da ba ya hannunka. Wani ƙwaro da aka gano a jihar Mishigan ta Amurka a 2002 ya hallaka miliyoyin bishiyoyin ash, don haka dajin da ke da iri daban-daban ya fi wanda iri ɗaya ya mamaye aminci. Farashi ma yana hawa da sauka, kamar yadda ya faɗi lokacin da kasuwar gidaje ta Amurka ta durƙushe a 2008. Amfanin daji a nan shi ne, idan kasuwa ta lalace kana iya barin itatuwanka a tsaye su ci gaba da ƙara kauri, alhali manomin hatsi ba shi da wannan damar.

A ganina jari ne mai kyau ga wanda ba zai buƙaci kuɗinsa da wuri ba, domin ana iya yin shekara 10 zuwa 20 tsakanin sara da sara, kana kuma biyan harajin ƙasa kowace shekara. Game da maganar mai sayarwa, idan har katakon zai biya kuɗin dajin gaba ɗaya, ka tambaye shi abin da ya hana shi sarewa da kansa, sannan ka sa a rubuta a yarjejeniya cewa cinikin ba zai tabbata ba sai bayan ƙididdigar masaninka.