Hukuncin killace dajin jama'a don cinikin kabon

Tambaya: Malam, wani kamfani ya ƙulla yarjejeniya da shugabanninmu cewa za a killace dajinmu shekaru 30, a riƙa biyan kuɗi saboda bishiyoyin suna zuƙe iskar kabon. Yanzu an hana kiwo da ɗibar itace, kuma ba a shawarci yawancinmu ba. Wannan ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Asalin wannan ciniki ba haramun ba ne a fahimtata. Kamfanin yana sayar da takardar shaida, kowace ɗaya a madadin tan 1 na iskar da aka hana fita ko aka zuƙe, kuma karɓar lada a kan tsare bishiyoyi aiki ne mai amfani, matuƙar ba a yi ƙarya a lissafin ba.

Matsalar tana wajen haƙƙin mutane. Manzon Allah (SAW) ya ce Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Shugaba wakili ne a kan dajin, ba mai shi ba, don haka sa hannunsa shi kaɗai bai wadatar ba. Shari'a ta san killace fili don maslaha, shi ake kira hima. Amma dubi yadda Sayyidina Umar ya yi: da ya naɗa hadiminsa Hunayyu a kan hima, ya umarce shi ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya hana dabbobin attajirai shiga, domin idan dabbobi suka halaka attajiri yana da gonaki da dabino da zai koma wa, talaka kuwa sai ya zo da 'ya'yansa yana kuka. Abin da kuka kwatanta akasin haka ne, kuma ya ɓata mini rai.

Ko dokokin duniya sun yarda da wannan. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta nemi a samu yardarsu tun kafin a fara, ba tilas, bayan an yi musu bayani, haka taron Majalisar kan sauyin yanayi da aka yi a Kankun, ƙasar Meziko, a 2010 ya nemi a dama da mazauna daji.

Saboda haka yarjejeniyar ba ta lizimce ku ba har sai an karanta muku ita da harshenku, an ji ta bakin makiyaya da mata masu itace, an bar muku hanyar kiwo da mashaya ko diyya madaidaiciya, an bayyana rabon kuɗin, an kuma sanya wurin kai ƙara. Wanda ya karɓi rabonsa bai yi laifi ba. Wanda ya cinye na jama'a ya ci haram, dole ya mayar. Ku bi hukuma da kotu, kada ku ƙona dajin.

Allah ne Mafi sani.